Madannin Enta da Fom Mai Maɓallai Da Dama

1.0 Gabatarwa

Yankin arewacin Jihar Kano, wato ƙasashen Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci da Tsanyawa da Minjibir da Dawakin Tofa, yana daga cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma. Ƙauye na hango ƙauye, gona na jingine da gona, kuma ba a cika barin ƙasa ta huta ba, ana noma ta kowace damina da taimakon taki. Noma da kiwo da fatauci su ne sana'o'in mutanen wannan yanki, amma a yau harkokinsu da yawa ba sa yiwuwa sai an bi ta kan fom ɗin intanet.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara yin jarrabawar shiga manyan makarantu ta kwamfuta a 2013, kuma daga 2015 ta daina ta takarda baki ɗaya. Daga 2021 ba a yi wa ɗalibi rajistar wannan jarrabawa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya buɗe shafinsa na neman rance a 2024. Manoma su ma ba a bar su a baya ba, domin tun daga shirin tallafin taki ta wayar salula na Gwamnatin Tarayya na 2012, shigar da sunan manomi cikin kwamfuta ya zama ƙofar samun tallafi. Saboda haka ɗalibin da ya gama sakandare a Dawakin Tofa, ko mai neman shiga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, babu makawa sai ya zauna gaban fom.

Wannan darasi zai duba wata matsala guda da ke samun masu cike fom: mutum yana tsakiyar rubutu, sai ɗan yatsansa ya taɓa madannin da aka rubuta Enter a kansa, wanda ake kira Enta, nan take fom ya tafi, ko ya goge, ko ya koma baya. Za a bayyana dalilin faruwar haka, da ƙa'idar da kwamfuta ke bi wajen zaɓen maɓalli idan maɓallan suna da yawa, da kuma hanyoyin kiyayewa.

2.0 Ma'anar wasu kalmomi

Madanni shi ne kowane ɗaya daga cikin abubuwan da ake dannawa da yatsa a kan allon madannai. Maɓalli kuwa a wannan darasi shi ne ɗan akwatin da ake gani a fuskar kwamfuta, mai ɗauke da rubutu irin su “Aika” ko “Koma baya”. Gurbi shi ne wurin da ake rubuta amsa a cikin fom. Linzami shi ne ɗan abin da ake ja da hannu domin nuna wuri a fuskar kwamfuta. Burauza ita ce manhajar da ke buɗe shafukan intanet, kamar Chrome da Firefox da Safari. Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke can nesa, wadda ke karɓar fom ta adana abin da ke cikinsa. HTML kuwa shi ne harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi.

3.0 Asalin madannin Enta

Madannin Enta ya gaji ayyuka biyu daga na'urori biyu daban. Na farko daga keken rubutu ne, wato tafireta, wadda kamfanin Remington na Amurka ya fitar kasuwa a 1874. Idan mai buga tafireta ya kai ƙarshen layi, sai ya mayar da abin da ke riƙe da takarda zuwa farko, takardar ta ɗan hau sama, ya soma sabon layi. Da aka ƙera tafireta mai aiki da lantarki, sai wannan aiki ya koma kan madanni guda. A tsarin lambobin haruffa na ASCII, wanda ya fito a 1963, an ba wannan umarni na komawa farkon layi lamba 13.

Aiki na biyu daga manyan kwamfutocin ofisoshi ya fito. A 1971 kamfanin IBM ya fitar da wata na'ura mai fuska da allon madannai da ake kira 3270. Ma'aikaci yakan cike duk guraben da ke fuskarta, sa'an nan ya danna Enta, sai bayanin ya tafi ga babbar kwamfuta gaba ɗaya. A wannan na'ura madannin sabon layi daban yake, na aikawa kuma daban.

A kwamfutocin da ake amfani da su yanzu an haɗa ayyukan nan biyu a madanni ɗaya. Wani lokaci Enta na nufin “sauka layi na gaba”, wani lokaci kuma yana nufin “na gama, a tafi da shi”. Wurin da mai rubutu yake a cikin shafi shi ke raba gardama, kuma daga nan ne ruɗani ke tasowa.

Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar ƙirƙiro shafukan yanar gizo a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janiba. A Nuwamba 1995 aka fitar da ƙa'idar HTML ta biyu, wadda shi da Dan Connolly suka tsara. A cikinta aka nemi burauza ta ɗauki danna Enta a matsayin umarnin aikawa idan fom yana da gurbin rubutu guda ɗaya tak. Hikimar a bayyane take: mai neman wani abu a intanet ya rubuta kalma ya danna Enta, ba sai ya ɗauki linzami ba. Daga baya masu ƙera burauza suka faɗaɗa wannan hali ya game fom mai gurabe da yawa.

4.0 Ƙa'idar da burauza ke bi

Ƙungiyar WHATWG, wadda aka kafa a 2004, ita ce ke kula da ƙa'idar HTML a yanzu. Ana iya taƙaita abin da ƙa'idar ta tanada game da Enta kamar haka:

1. Maɓallan fom iri uku ne. Akwai na aikawa, wanda ake rubuta wa type="submit". Akwai na share abin da aka rubuta, mai type="reset". Akwai kuma mai type="button", wanda ba ya yin komai sai an ɗora masa aiki na musamman. Maɓallin da aka ƙirƙira da alamar button ba tare da an faɗi irinsa ba, burauza takan ɗauke shi a matsayin na aikawa.

2. Idan aka danna Enta alhali ana cikin gurbi mai layi ɗaya, kamar na suna ko na lambar waya, burauza za ta nemi maɓallin aikawa na farko a jerin rubutun HTML na wannan fom, ta danna shi a madadin mutum.

3. Idan wannan maɓalli na farko a kashe yake, wato an hana shi aiki, fom ba zai tafi ba. Burauza ba ta tsallakawa zuwa na biyu.

4. Idan fom ba shi da maɓallin aikawa ko ɗaya, Enta zai aika shi matuƙar gurbin rubutu ɗaya ne a cikinsa. Idan guraben sun fi ɗaya, ba abin da zai faru.

5. A cikin babban gurbi mai layuka da yawa, kamar na rubuta bayani, Enta sabon layi kawai yake buɗewa.

6. Idan mutum ya bi da madannin Tab har ya sauka a kan wani maɓalli, to Enta wannan maɓallin zai danna, ko da ba shi ne na farko ba.

Abin lura a nan shi ne ƙa'ida ta biyu. Burauza ba ta karanta rubutun da ke kan maɓalli, ba ta duba girmansa ko launinsa, kuma ba ta san wanda ya fi muhimmanci ba. Ta yi kama da yaron da aka ba saƙo aka ce, idan ba a ambaci suna ba, ya miƙa wa wanda ya fara tararwa a zaure. Yaron ba zai tambayi ko mai gida ne ko baƙo ba. Haka kuma “na farko” yana nufin na farko a rubutun da mai gina shafi ya yi, wanda mai cike fom ba ya gani. Maɓallin da ya bayyana a dama ko a ƙasa yana iya zama shi aka fara rubutawa.

To, ta yaya uwar garke ke sanin maɓallin da aka danna? Kowane maɓallin aikawa ana iya ba shi suna da ƙima. Idan fom ya tashi, burauza takan haɗa amsoshin gurabe da suna da ƙimar maɓalli ɗaya kawai, wato wanda aka danna. Uwar garke ba ta da hanyar bambance dannawar niyya da ta kuskure, domin saƙon da ke isa gare ta iri ɗaya ne.

5.0 Misali daga ƙungiyar manoma

A ɗauka wata ƙungiyar manoma ce a wani ƙauye na ƙasar Kunci take tattara sunayen membobinta domin neman taki kafin saukar damina. An ba wani matashi da ya gama sakandare aikin shigar da bayanai. Fom ɗin yana da gurabe 12: suna, da mazaɓa, da lambar waya, da lambar NIN, da girman gona, da irin amfanin da ake shukawa, ko gero ne ko dawa ko wake ko gyaɗa, da sauransu. A ƙasa akwai maɓallai uku da aka jera daga hagu zuwa dama: “Soke”, “Ajiye tukuna”, da “Aika”. Mai gina shafin ya rubuta su a wannan jeri, kuma dukkansu na aikawa ne.

Matashin yana amfani da ɓangaren lambobi da ke gefen dama na allon madannai, domin lambar waya da lambar NIN kowacce alƙaluma 11 ce. A wannan ɓangare akwai Enta na biyu, dogo, yana maƙwabtaka da madannin 3 da na ɗigo. Ya zo gurbi na 10, zai rubuta girman gona hekta 1.5. Ya buga 1, ya nufi ɗigo, sai yatsa ya zame ya taɓa Enta. Burauza ta bi ƙa'ida, ta danna “Soke”, duk abin da ya rubuta ya tafi, sai ya sake tambayar dattijon da ke zaune gabansa daga farko.

Da a ce “Aika” ne na farko, kuma ba a tilasta cike sauran gurabe biyu ba, da fom ɗin ya tafi da gona hekta 1 maimakon 1.5. Idan bisa girman gona ake raba taki, manomin ya yi asarar kashi ɗaya cikin uku na rabonsa, kuma ba zai sani ba sai ranar rabo. Wannan kuskure ya fi na farko muni, domin na farko ana ganinsa nan take, na biyu kuwa ɓoye yake. Da kuwa “Ajiye tukuna” ne na farko, da ba a yi asarar komai ba.

Ana iya lissafa abin da wannan ke ci. Idan membobi 200 ne, kowane fom na ɗaukar minti 5, aikin zai ci minti 1,000, wato fiye da awa 16. Idan aka yi kuskure a fom ɗaya cikin kowane 20, fom 10 ke nan, kusan minti 50 na maimaici, ban da man janareta da kuɗin data da jiran mutanen da suka baro gonakinsu.

6.0 Abubuwan da ke jawo kuskuren

Na farko shi ne sabo. Wanda ya koyi aiki da manhajar lissafi ta Excel ya saba idan ya danna Enta yana sauka gurbin da ke ƙasa, wanda ya saba da buga wasiƙa kuma ya san Enta da buɗe sabon layi. A fom ɗin intanet Tab ne ke kai mutum gurbi na gaba.

Na biyu shi ne mazaunin madannin. Babban Enta yana tsakanin madannin gogewa da na manyan haruffa, waɗanda ake yawan taɓawa. Ƙurar hunturu ma takan shiga ƙarƙashin madannai ta sa su maƙale, kuma madannin da ya maƙale kwamfuta na ɗauka ana ta danna shi ne.

Na uku shi ne jerin zaɓi. Idan mutum ya fara rubuta sunan ƙaramar hukuma, burauza takan kawo masa sunayen da aka taɓa rubutawa. Enta na farko zai ɗauki sunan, na biyu kuwa zai aika fom.

Na huɗu shi ne na'urar karanta lambar kaya, irin wadda ake haska wa zanen layuka a jikin kwali ko kati. Yawancinsu suna aiki ne tamkar allon madannai, kuma an saita su su ƙara Enta a ƙarshen kowace lamba.

Na biyar shi ne wayar salula. A allon madannan waya akwai madanni a kusurwar dama ta ƙasa, mai alamar kibiya. A wani gurbi yakan kai mutum gaba, a wani kuma yakan aika fom.

Na shida shi ne jinkirin sadarwa. Inda sabis ba shi da ƙarfi, mutum yakan danna Enta ya ga shiru, ya sake dannawa, sai fom ya tafi sau biyu, suna ɗaya ya fito sau biyu a rajista.

7.0 Gyara daga wajen mai gina shafi

Rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawan rigakafin yana hannun mai gina shafi. Tambayar da ya kamata ya yi wa kansa a kan kowane fom ita ce: idan aka danna Enta a tsakiyar aiki, wane maɓalli ne zai motsa, kuma me zai biyo baya?

Hanya ta farko ita ce sa maɓallin da ba ya ɓarna a farkon rubutu. A fom mai shafuka da yawa, “Ci gaba” ya riga “Koma baya”. A fom mai tsawo, “Ajiye tukuna” ya riga “Aika”. Idan ana son wani maɓalli ya bayyana a dama ko a hagu, ana iya yin haka da harshen tsara kamannin shafi da ake kira CSS, ba tare da an canza jerin rubutun ba. Sai dai kada a wuce gona da iri, domin Tab jerin rubutu yake bi, kuma idan ya saɓa da abin da ido ke gani ƙwarai mai aiki zai rikice.

Hanya ta biyu ita ce rage yawan maɓallan aikawa. “Soke” da “Koma baya” da “Ƙara wata gona” galibi ba sa bukatar zama na aikawa. A rubuta musu type="button", ko a mai da su mahaɗin da ke kai mutum wani shafi. Mantawa da rubuta irin maɓalli na daga cikin kurakuran da sababbin masu gina shafi suka fi yi.

Hanya ta uku ita ce ware aiki mai haɗari. Maɓallin goge sunan manomi daga rajista bai kamata ya zauna a fom ɗaya da guraben gyara suna ba. A ba shi nasa fom daban, yadda Enta daga gurbin suna ba zai kai gare shi ba.

Hanya ta huɗu ita ce tilasta cike gurabe. Idan aka sa wa gurbi alamar required, burauza ba za ta bar fom ya tafi ba sai an cike shi. Amma wannan ba ya gane cewa 1 aka rubuta maimakon 1.5. Haka kuma maɓallin da aka sa wa alamar formnovalidate yana tsallake wannan bincike, don haka idan shi ne na farko, binciken bai tsare komai ba.

Hanya ta biyar ita ce tare Enta da harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995. Ana rubuta ɗan umarni da ke sauraron madannai, idan Enta ne kuma daga gurbi mai layi ɗaya ya fito, sai a hana shi aikinsa. Dole a keɓe babban gurbin bayani da maɓallai, in ba haka ba mutum zai kasa buɗe sabon layi, ya kuma kasa danna maɓalli da allon madannai. Wasu kuma sukan ɓoye wani maɓallin aikawa da aka kashe a farkon fom, suna amfani da ƙa'ida ta uku da aka ambata a sama.

Wannan hanya ta biyar tana da illa. Makafi da ke aiki da manhajar karanta shafi da murya, da waɗanda hannunsu ba ya iya riƙe linzami, da ƙwararrun masu buga rubutu, duk sun dogara da allon madannai. A fom gajere, irin na shiga da kalmar sirri ko na bincike, kashe Enta cutarwa ce kawai. Ya fi dacewa da dogon fom wanda aika shi ba ya warwaruwa.

Hanya ta shida, wadda ta fi sauran ƙarfi, ita ce ba da damar tabbatarwa. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, haka ma fom, idan ya fita ya fita. A Disamba 2008 ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafukan intanet, kashi na biyu. Ɗaya daga cikinsu ya shafi shafukan da ke ƙulla yarjejeniya, ko biyan kuɗi, ko goge bayanan mutum, ko miƙa amsoshin jarrabawa. An nemi a samar da aƙalla ɗaya cikin uku: ko a iya warware abin da aka aika, ko a bincika kurakurai a ba mutum damar gyarawa, ko a nuna masa duk abin da ya rubuta ya tabbatar kafin a kammala. A misalin ƙungiyar manoma, shafin tabbatarwa zai nuna “hekta 1”, matashin ya karanta wa mai gona, mai gona ya ce ba haka ba ne.

Daga ƙarshe, uwar garke ma tana da nata aikin. Idan fom ya iso ba tare da sunan maɓalli ba, ta ɗauki mataki mafi sauƙin illa, wato ajiyewa. Ta kuma ba kowane fom lamba ta musamman, domin idan ya iso sau biyu ta karɓi na farko kawai.

8.0 Darasi daga ɗakin jarrabawa

A 2017 hukumar JAMB ta gabatar da tsarin madannai takwas, domin ɗaliban da ba su saba da linzami ba su iya yin jarrabawa da allon madannai kaɗai. Madannan A da B da C da D na zaɓen amsa ne, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa ta baya, S na miƙa aiki, R kuma na janyewa ne ga wanda ya taɓa S bai shirya ba. Jarrabawar tana da tambayoyi 180 a cikin awa 2, kuma madannin S yana tsakanin A da D a layi ɗaya. Ke nan ɗalibin da ke zaɓen amsa A ko D yatsansa na dab da madannin miƙa aiki. Tanadin R misali ne na hanya ta shida: an san hannu zai zame, sai aka bar ƙofar dawowa. Wajibi ne ɗalibi ya karanta umarnin da ke fuskar kwamfuta a ranar jarrabawa, kuma idan tambayar tabbatarwa ta fito masa ba zato, ya tsaya ya karanta ta kafin ya taɓa wani madanni.

9.0 Shawarwari ga mai cike fom

1. A yi amfani da Tab wajen zuwa gurbi na gaba, Shift da Tab tare wajen komawa baya.
2. A rubuta dukkan amsoshi a takarda tukuna, musamman suna da ranar haihuwa da lambar NIN, domin gyara su bayan an aika yakan ci kuɗi da tafiya.
3. Idan akwai maɓallin ajiyewa, a riƙa danna shi a kai a kai.
4. Idan an aika fom aka ga shiru, a jira. Sauri ya haifi nawa.
5. Idan wani ne ke cike wa mutum fom, a nemi ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi kafin ya aika.

10.0 Gwaji a aji

Malami na iya nuna wannan darasi da kwamfuta ɗaya, ba tare da intanet ba. A buɗe manhajar Notepad, a rubuta fom mai gurabe biyu da maɓallan aikawa uku. A ba maɓallan suna ɗaya, wato name="aiki", a ba su ƙima daban-daban: soke, ajiye, aika. A adana fayil ɗin da suna mai ƙarewa da .html, a buɗe shi da burauza. A rubuta wani abu a gurbin farko a danna Enta, sa'an nan a dubi layin adireshi da ke saman burauza. Za a ga aiki=soke a ƙarshensa. A koma a sauya jerin maɓallan, a sake gwadawa. Bayan haka a mai da na farko type="button", sa'an nan a gwada kashe shi da alamar disabled yana na aikawa. Kafin kowane gwaji ɗalibai su rubuta hasashensu a littafi, su kwatanta da abin da ya fito.

11.0 Kammalawa

An ga cewa madannin Enta ya gaji ayyuka biyu, buɗe sabon layi da aika bayani, kuma a cikin gurbi mai layi ɗaya aikin aikawa ne ke rinjaye. An ga kuma cewa idan maɓallan aikawa suna da yawa, burauza na ɗaukar na farko a rubutun HTML. Saboda haka nauyin mai gina shafi ne ya sa maɓalli marar illa a gaba, ya ware masu haɗari, ya kuma tanadi tabbatarwa ga duk aikin da ba ya warwaruwa. Nauyin mai cikewa kuma shi ne ya saba da Tab, ya karanta kafin ya aika. Ɗaliban da ke koyon kwamfuta a makarantun wannan yanki su ne za su gina wa ƙungiyoyin manoma da asibitoci da makarantun garuruwansu irin waɗannan fom, don haka ya kamata su riƙe wannan ƙa'ida tun yanzu.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin madanni da maɓalli kamar yadda aka yi amfani da su a wannan darasi.
2. Fom yana da maɓallai uku a wannan jeri: “Koma baya” mai type="button", da “Goge” mai type="submit", da “Ci gaba” mai type="submit". Wanne Enta zai danna daga gurbin suna? Yaya za a gyara fom ɗin?
3. Me zai faru idan maɓallin aikawa na farko a kashe yake?
4. Kawo dalilai biyu da suka sa bai dace a kashe Enta a kowane fom ba.
5. Ƙungiya tana da membobi 360, kowane fom na cin minti 4. Idan ana maimaita ɗaya cikin kowane 15, minti nawa aikin zai ci gaba ɗaya?